Hakimi ya yanke, amma tsamiyar ba ta gusa ba

Ɗan Manomi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya hana ni barci tun shekaranjiya, na ce bari in kawo shi nan. Gonarmu ta gado da ke wani ƙauye a ƙasar Daura, iyakarta ta gabas wata tsohuwar tsamiya ce, daga gindinta kuma layin gamba ya miƙe har bakin hanyar shanu. Tun ina yaro nan muke ajiye tulun ruwa da ƙwaryar fura in muka je noma. Bara maƙwabcinmu ya sayar da tasa gonar, sabon mai ita ya sa aka tuge gambar, ya shigo mana kunya goma sha biyu. Aka je gaban mai gari, aka wuce wurin hakimi. Ba a fi minti ashirin ba aka ce iyaka tana inda mutumin ya nuna. Ba a je gonar ba, ba a kira dattijon da ya san wurin ba.

Kunya goma sha biyun ba su ne suka fi damuna ba. Da muka dawo gida na ce wa Baba wannan zalunci ne, sai ya ce in yi shiru, tunda manya sun faɗa haka ne. Jiya kuma da dare na ji yana ce wa Inna wai ƙila shi ne ya manta, ƙila dama tsamiyar a cikin gonar wancan take. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana huɗa a wurin! Shi ya sa nake tambaya: in mai iko ya yanke magana, ta zama gaskiya ke nan?

Bafaden Gado: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka bi a hankali. Baba ya fi ka sanin duniya. Bin na gaba bin Allah ne. Hakimi ba shi kaɗai yake zama ba, yana da mutanen da ke kawo mashi labari, ya san abin da kai ba ka sani ba. In kowa ya ce sai abin da idonsa ya gani zai yarda da shi, ai gari ba ya zaunuwa.

Direban Jibiya: Kawu Bafade, su waye mutanen da ke kawo mashi labarin? Ai nan gizo ke saƙar. Wanda ya riga zuwa da gaisuwa shi ne mai labari.

Bafaden Gado: Kai dai ba ka da ta ido. Ban ce ba a kuskure ba. Na ce in an yanke a bi.

Malamin Zaure: Bismillah. Tambayar nan an riga an amsa ta tun a Madina, kuma wanda ya amsa ta ya fi kowane hakimi iko. Hadisin Ummu Salama ne, yana cikin Bukhari da Muslim, Imamu Malik ma da shi ya buɗe babin shari'o'i a Muwaɗɗa. Ma'anarsa: Annabi (SAW) ya ce shi mutum ne, ana kawo masa husuma, wataƙila wani ya fi wani iya tsara hujja, sai ya yi masa hukunci bisa abin da ya ji. To duk wanda aka yanke wa wani abu daga haƙƙin ɗan'uwansa kada ya karɓa, yankin wuta ne aka yanka masa.

Ku duba da kyau. Bai ce tunda ni na yanke ya zama naka ba. Hukuncin ya fita, ya zartu, amma gonar tana nan a matsayin ta mai ita a wurin Allah. Daga nan malamanmu suka ce hukuncin alƙali ba ya halatta haram, ba ya haramta halal. Haka kuma hadisin da ya ce mai hukunci in ya yi ijtihadi ya dace yana da lada biyu, in ya kuskure yana da ɗaya. Da kujera tana mai da magana gaskiya, ina za a samu kuskuren da ake ba lada ɗaya a kansa?

Bafaden Gado: Allah gafarta Malam, to ayar da ta ce a bi Allah a bi Manzo da ma'abota al'amari fa?

Malamin Zaure: Ka ƙarasa ta, Alhaji. Ta ci gaba da cewa in kun yi jayayya a kan wani abu ku mayar da shi ga Allah da Manzo. Wato an san za a yi jayayyar. Biyayya daban, gaskatawa daban. Ina iya bin umarninka don kada a zub da jini, amma ba dole ba ne in ce fari baƙi ne.

Tsohon Hedimasta: Malam ya gama da ɓangaren addini, ni bari in ɗan ja ku baya, don mu Katsinawa da Daurawa bai kamata wannan tambayar ta ba mu wahala ba. Tarihinmu cike yake da ita.

Kafin jihadi sarakunan Haɓe ne a Katsina, abin da suka ce shi ne doka. Ummarun Dallaje ya zo da tuta, gidan sarautar ya koma Maraɗi, aka wayi gari abin da jiya yake daidai yau ya zama zalunci. Shekara ɗari bayan haka Turawa suka zo, a 1906 suka sauke Sarki Yero, suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko, sarauta ta bar gidan Dallazawa ta koma na Sulluɓawa. A Daura kuma sai suka yi akasin haka, suka ɗauko Malam Musa daga zuriyar Haɓen da ke Zango suka mayar da shi kan gadon kakanninsa. Bature ɗaya, mulki ɗaya, a nan ya kawo sabon gida, a can ya dawo da tsoho. To wanne ne gaskiyar? In ƙarfi ne ke haifar da gaskiya, sai mu ce gaskiya ta yi ta sauya riga duk lokacin da bindiga ta sauya hannu.

Kada wani ya ce ina taɓa gidan sarauta. Dikko ya yi mulki har 1944, kuma abin da ya sa ake tunawa da shi da alheri ayyukansa ne, makaranta da asibiti da sauransu. Takardar Bature ta ba shi kujera, ba ita ta ba shi sunan kirki ba.

Abin da ya fi burge ni ma shi ne Malam Abdullahi na Gwandu. Jihadin da aka yi da hannunsa, suna cikin nasara, ya ga mutanensu sun fara karkata ga dukiya da muƙami, ya bar rundunar ya nufi gabas, har ya tsaya a Kano. Nasu ne mulkin, amma bai ce tunda mu ne a sama duk abin da muka yi daidai ne ba.

Inna Mai Fura: Malam Hedimasta kullum sai ka kai mu zamanin da ba a haife mu ba. Ni ga nawa na kusa. Lokacin canjin kuɗi na 2023 wa ya manta? Aka ce tsofaffin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu sun daina aiki. Ina da kuɗin nono a ɗaure a bakin zane, Fulanin da ke kawo mani suka ce ba su karɓa, sababbin kuma babu su. Kwana ukku ban dama ba. Masu POS suna sayar mana da kuɗinmu. A rediyo kuma ana ta ce mana abin don amfaninmu ne. Daga baya kotu ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Waɗanda suka yi asara a tsakani wa ya biya su? Ko haƙuri ba a ba mu ba.

Direban Jibiya: Inna, tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Mu da aka rufe wa boda a 2019 fa? Daga Jibiya har Kongolam motoci suka yi ta ruɓewa a tasha. Ta Jibiya sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta.

Injiniya: Ni zan ɗan saɓa maku, don kada zauren ya zama na gefe ɗaya. Akwai wuraren da iko ne da kansa yake mai da abu daidai. A Afrilun 1972, zamanin Gowon, aka ce motocin Nijeriya su bar hannun hagu su koma dama. Kafin ranar, mai bin dama shi ne mai laifi. Bayan ranar, mai bin hagu ne zai kashe mutane. Babu wata gaskiya da ke rubuce a sama cewa dama ta fi hagu, faɗar gwamnati ce kawai ta sa ya zama haka. Haka Naira da Kwabo da suka maye gurbin fam da sule a 1973. Haka jiharmu ma: ranar 23 ga Satumba 1987 Babangida ya ce an yi jihar Katsina, aka kwana a Kaduna aka tashi a Katsina. To a nan fa, ba ikon ne ya yi gaskiyar ba?

Ɗalibar Lauya: Yaya Injiniya, misalanka sun yi, amma duk iri ɗaya ne: abubuwan da dama sai an zaɓi ɗaya, kuma kowanne aka zaɓa ya yi, muddin kowa zai bi. Gowon yana iya cewa a bi dama. Ba ya iya cewa motar da ta yi karo ba ta yi ba. Hakimi yana iya cewa daga yau ga inda za a riƙa bi da shanu. Ba ya iya cewa tsamiyar da aka san ta a nan shekara arba'in dama can ba a nan take ba. Tambayar Ɗan Manomi ta abin da ya riga ya faru ce, wa ya gaji wane wuri. Wannan sai shaida.

Injiniya: Na karɓa, amma rabi. Canjin kuɗin da Inna ta kawo fa? Shi ma ai doka ce irin ta hannun dama.

Ɗalibar Lauya: Ikon cewa takarda kaza ta daina zama kuɗi suna da shi. Cewa an buga sababbi isassu kuma, wannan ko an buga ko ba a buga ba, layin banki ne ya ba da amsa. Kotun Ƙoli ranar 3 ga Maris 2023 ta ce ba a ba mutane isasshen wa'adi ba, ta ce tsofaffin su ci gaba da yawo.

Bafaden Gado: Yauwa, kin kawo kanki. Kin ce Kotun Ƙoli ta ce. Ita ma ai iko ce. Don me nata ya zama gaskiya, na hakimi bai zama ba?

Ɗalibar Lauya: Kawu, wallahi tambayarka ta fi ta kowa kyau yau. Nata ma bai zama ba. Su da kansu sun faɗa. Mai Shari'a Oputa, a wani hukunci na 1989, ya ce ba don ba sa kuskure ba ne maganarsu ta zama ta ƙarshe, a'a, don ita ce ta ƙarshe ne ake ɗaukarta kamar ba kuskure. Kuma ya ce in suka gane sun kauce suna iya warware hukuncinsu na baya. Dole ne shari'a ta tsaya a wani wuri, in ba haka ba jikoki za su gaji ƙarar kakanni. Tsayawar ce ake buƙata, ba wai alƙalan sun zama mala'iku ba.

Ga misali na cikin gida. Zaɓen 2007, ɗan Katsina da ɗan Daura suka kara. Aka ce Malam Umaru 'Yar'aduwa ya ci. Buhari ya je kotu, a Disambar 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar da zaɓen, alƙalai huɗu suka ce e, ukku suka ce a'a. Da mutum ɗaya ya sauya ra'ayi da labarin ya juye. Za mu ce gaskiyar abin da ya faru a rumfunan zaɓe tana rataye da ra'ayin mutum ɗaya?

Tsohon Hedimasta: Kuma ki ƙara da cewa shi marigayi Umarun, ranar da aka rantsar da shi, da bakinsa ya ce zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, daga baya kuma ya kafa kwamitin Mai Shari'a Uwais don a gyara. Yana kan kujerar, an ba shi takarda, amma bai ce takardar ta wanke komai ba. Na daɗe ban ga irin wannan ba. Allah ya jiƙansa.

Direban Jibiya: Amin. Amma kada a mai da zancen siyasa, yanzu 'yan jam'iyya za su shigo su ɓata mana hira.

Mai Kula da Zaure: Na gode Direba. Duk wanda ya sako hoton ɗan takara zan cire shi. A ci gaba.

Malamin Zaure: Akwai abin da Alhaji Bafade yake tsoro, kuma tsoron nasa yana da tushe, kada mu yi masa dariya. Fitina ta fi kisa muni. Shi ya sa ko a ganin wata, wanda yake ganin lissafinsa ya saɓa da sanarwar Sarkin Musulmi ba a so ya tara jama'a ya yi tasa Sallar daban. Ana bin sanarwa don kan al'umma ya haɗu. Amma sanarwar ba ita ke fito da jinjirin wata ba. Masu gani ne suka gani, aka tantance su, aka kai wa shugaba, ya faɗa. Darajar maganarsa daga shaidun take. In an cire shaidun, saura rawani kawai.

Imamu Malik da muke bin mazhabarsa, gwamnan Madina ya sa an yi masa bulala zamanin Mansur, saboda ya ce sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa. Bai ɗauki makami ba, bai kuma janye fatawar ba. Imamu Ahmad haka ya sha ɗauri da duka a kan maganar halittar Alƙur'ani, halifofi ukku suna kan abu ɗaya, Mutawakkil ya zo ya kawar da shi. Yau wa ke bin ra'ayin masu bulalar?

Uwar Biyu: Ni duk wannan bai taɓa ni kamar maganar Baban Ɗan Manomi ba. Tun da na karanta nake jin wani iri. A ƙwace maka gona abu ne, amma a sa ka fara zargin ƙwaƙwalwarka, wannan ya fi ciwo. Kuma na san yadda ake yi, don na gani a gidanmu. Ba hakimin ne ke bin ka gida ya ce ka manta ba. Mutanen gari ne. Wannan ya ce ai manya ba sa faɗar banza, wancan ya ce ƙila dai kai ne ka ruɗe, liman ya ce a yi haƙuri, matarka ta ce kada ka ja mana. Kwana bakwai ana yi maka haka, sai ka ga ya fi sauƙi ka ce ka manta da ka riƙa kwana da sanin an cuce ka kuma ba ka da yadda za ka yi. Baba bai manta komai ba. Neman barci yake yi.

Ɗan Manomi: Yaya, kamar kina gidan. Yau da asuba na same shi zaune a zaure yana zana iyakar da yatsa a ƙasa, yana gogewa.

Bafaden Gado: Subhanallah. To ni dai abin da na sani, a fada in aka ce "gaskiya ne, ranka ya daɗe", ba kullum ake nufin gaskiyar ba. Gaisuwa ce. Mu da muka tashi a ciki mun san bambancin. Ban taɓa tunanin wani zai ɗauke ta har cikin zuciyarsa ba.

Direban Jibiya: Kawu, ku kun san gaisuwa ce, shi wanda ake gaya wa kullum ya sani?

Tsohon Hedimasta: Tunda a Daura gonar take, ku tuna macijin rijiyar Kusugu. Labarin ya ce ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a, kuma sunan da ake kiransa da shi Sarki. Ina yawan tunanin mutanen garin: na tabbata a cikinsu akwai masu cewa ai dama ruwan Juma'a ya fi albarka.

Ɗalibar Lauya: Yaya Ɗan Manomi, bari in faɗa maka abin da zai yi maka amfani, don kada a tashi da tarihi kawai. Hakimi yau ba alƙali ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe kotuna daga hannun En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna. Abin da yake yi sulhu ne. Sai dai in ɓangarorin biyu sun kai kansu da yardarsu, suka kuma amince da abin da aka yanke, kotu tana iya riƙe su a kansa, don haka yana da muhimmanci a san ko Baba ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a wata takarda. In bai gamsu ba, kotun shari'a tana nan, sama da ita akwai babbar kotun shari'a, akwai ta ɗaukaka ƙara.

Abu na biyu ya fi gaggawa, Malam zai gyara mani in na kauce. A fiƙihun Malikiyya akwai hauzi: wanda ba danginka ba in ya riƙe ƙasa shekara goma yana aiki a cikinta, kana gari, kana gani, ba abin da ya hana ka magana kuma ba ka yi ba, to ba za a saurari ƙararka ba bayan nan. Shirun Baba yana da lissafi.

Malamin Zaure: Haka yake, 'yata. Sai dai malamai sun ce in tsoron mai ƙarfi ne ya hana shi magana, wannan uzuri ne. Amma tabbatar da tsoro a gaban alƙali bayan shekara goma ba ƙaramin aiki ba ne. Gara tun dattijon da ya san iyakar yana da rai.

Injiniya: Kuma ka je da waya ka ɗauki hoton kututturen gambar. In tuge ta aka yi bara, saiwar tana nan, da ruwa ya sauka za ta tsiro a kan layinta.

Ɗan Manomi: Bai sa hannu a komai ba, na tambayi Inna. Dattijon yana nan, sai dai idonsa ya yi rauni, jikansa ke jan shi zuwa masallaci. Matsalar ita ce Baba ya rantse ba zai kai ƙarar abin da hakimi ya yanke ba, wai a garin za a binne shi. Ni kuma gonar ba sunana take ba tukuna.

Bafaden Gado: Kada ka fara da kotu. Ka samu ƙanen Babanka ko wani babba da hakimin ke jin nauyinsa, ku koma a asirce, ba a gaban jama'a ba. Ku ce ranka ya daɗe, akwai shaidar da ba ta samu zuwa ba, muna roƙon a tura wakili ya ga wurin. Kada ku ce ya yi kuskure. Ku bar mashi ƙofar da zai fita da rawaninsa a kai. Na ga an warware irin wannan fiye da sau ɗaya.

Direban Jibiya: Wato a je a roƙe shi ya yarda tsamiya tana inda take.

Bafaden Gado: Kai kana son gona ko kana son a ce ka yi gaskiya?

Uwar Biyu: Duka biyun yake so, Kawu, ai nasa ne. Ɗan Manomi, kafin ku je ko'ina, ka ɗauki Baba a babur ka kai shi gindin tsamiyar, ku biyu kawai. Kada ka ce mashi komai.

Ɗan Manomi: Hadari ya haɗu a gabas tun la'asar. In an yi ruwan shuka daren nan dama gobe da sassafe can za mu, wancan ma na san zai turo 'yan ƙwadagonsa. Injiniya, hoton daga wane gefe zan ɗauka don tsamiyar da layin su fito tare?